Hausawan Goloba: Bayin Da Suka Gudu Ikko Suka Komo Arewa Da Bindiga

Daga Wakilinmu na Arewa, Abuja

Duk wanda ya yi sammako a Abuja ya bi ta Mararaba, ko Dei-Dei, ko gadar Zuba, kafin rana ta ɗaga, zai tarar da samari jere a bakin titi, kowa da shebur da diga da kwanon sarki, suna jiran motar ɗan kwangila. Wanda aka ɗauka ya sami na tuwo ran nan, wanda aka bari kuwa sai ya sa ran gobe. Na san ku 'yan'uwa mazauna Kurmi wannan ba baƙon abu ba ne gare ku, gama irinsa kuke gani kullum a Apapa da Agege da Mil 12, da Sabo ta Badun, da bakin gadar Anacha.

Abin da ya tayar da wannan magana shi ne, wani ƙanena da ke dako a wata kasuwa ta Ikko ya zo ganin gida da Sallah, ya biyo ta wurina. Muna cikin hira da dare sai ya ba ni labarin gardamar da suka yi da wani mai kaya a kan kuɗin dako. Da magana ta yi zafi, mutumin ya ce masa shi baƙo ne, jiya-jiya 'yan Arewa suka zo Ikko, in kuɗin bai yi masa ba ya tattara ya koma garinsu. Yaron ya ce abin ya tsaya masa a rai, don bai san amsar da zai bayar ba. Na ce masa akwai amsa, ta ma fi shekara 160 tana nan, sai dai ba dukkanta ke da daɗin ji ba. Ita ce na ga ya kamata in kawo muku a wannan fili.

ABUJA TA ASALI

Bari mu fara daga nan inda nake zaune. Wannan Abuja ta benaye jaririya ce. Ran 3 ga watan Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar za a gina sabon babban birni, gwamnati kuwa ba ta tare ba sai ran 12 ga Disamba 1991. Sunan ma aro aka yi. Abuja ta asali ita ce Suleja ta yanzu, kusa da dutsen Zuma, cikin Jihar Neja. Haɓen Zazzau ne suka kafa ta. Da jihadi ya ci Zariya, Sarki Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa, ya rasu wurin yaƙi a ƙasar Lapai cikin 1825, sa'an nan ƙanensa Abubakar Ja, watau Abu Ja, ya kafa garin a 1828. Fulanin Zariya ba su taɓa cin Abuja da yaƙi ba, abin da mutanenta ke alfahari da shi ke nan har gobe.

To, amma akwai waɗanda Abu Ja ya tarar a wurin: Gwari, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi, da Koro, da Gade, da Gwandara, da Bassa, da Ganagana. A ƙarshen ƙarni na 19 waɗannan bayin Allah a tsakiyar wuta suke. Ta gabas akwai Keffi da Nasarawa, masu kai wa Sarkin Zazzau gaisuwa, bayi kuwa na cikin gaisuwar. Ta yamma akwai Nufawan Bida, ta arewa maso yamma ga gidan Nagwamatse na Kwantagora. Ita kanta Abuja ba a bar ta a baya ba, gama Sarki Ibrahim Iyalai, wanda ya yi mulki daga 1877 zuwa 1902, Dodon Gwari ake yi masa kirari. In ka ga kufan ƙauye a kan dutse a wannan yanki, ba don shan iska mutane suka hau can ba, gudun mahaya dawaki ne.

Dole mu faɗi wannan tun da fari, don kada wani ya zaci Bature ne ya koya mana cinikin mutum. Masana tarihi biyu, Lovejoy da Hogendorn, sun ƙiyasta cewa wajen 1900 bayin da ke cikin Daular Usmaniyya sun kai tsakanin miliyan 1 da miliyan 2 da rabi. Wanda aka kama, ko dai a yi arewa da shi zuwa rinji a ƙasar Zazzau ko Kano, ko kuwa a yi kudu da shi, a haye Kwara, a bi ta Ilori zuwa Badun da Abekuta da Ijebu. Cikin waɗanda aka kai kudu har da Hausawa 'ya'ya, waɗanda aka kama wurin yaƙi ko aka tare a hanyar fatauci. Yarabawa ba su tsaya bambantawa ba, duk wanda ya fito Arewa Gambari ne. Su ne masu kiwon dawaki da shanu, su ne wanzamai, su ne masu tufkar igiya. Da cinikin bayi na teku ya ja baya, cinikin manja ya hau, sai aka ƙara bukatarsu a gona da kuma dako zuwa bakin ruwa.

JIRGIN DA YA FASHE A JEBBA

A cikin 1857 wani jirgin ruwa na Ingilishi mai suna Dayspring ya hau Kwara, shugaban tafiyar Dokta Baikie, a ciki kuma akwai wani limamin Kirista Bayarabe, Samuel Ajayi Crowther, wanda shi ma tsohon bawa ne, da wani matashin hafsan sojan ruwa, John Glover. Jirgin ya daki dutse kusa da Jebba ya fashe. Daga baya an tsamo ragowar ƙarafunansa an ajiye a tashar jirgin ƙasa ta Jebba. Wannan hatsari ne ya sa Glover ya ratsa ƙasar Yarabawa ta tudu tsakanin Kwara da Ikko, a nan ya haɗu da bayi 'yan Arewa masu neman hanyar tsira, waɗansu suka bi shi suka zama 'yan rakiyarsa.

Ran 6 ga Agusta 1861 Ingilishi suka karɓe Ikko daga hannun Sarki Dosunmu. Cikin 1863 ragamar garin ta shiga hannun Glover, wanda mutanen Ikko suka riƙa kira Goloba. A wannan shekara ya tara irin waɗancan gudaddun bayi ya ba su bindiga da kaki. Sojan Nijeriya a tarihinta na hukuma tana cewa da mutum 18 aka fara, kuma daga wannan shekara take ƙirga haihuwarta. Aka sa musu suna Hausawan Goloba. Mutanen gari kuwa, da ba su ji daɗin hannunsu ba, suka laƙaba musu Ɓarayi Arba'in.

Mai karatu ya dubi cinikin da aka ƙulla a nan. Tun da Ikko ta shiga hannun Sarauniya, kotun Bature ba ta yarda wani ya zo tsibirin ya ce wane bawansa ne ba. Saboda haka bayi suka riƙa sulalewa daga Abekuta da Ijebu suna faɗawa Ikko, abin da ya fusata iyayengijinsu har ya zama ɗaya daga cikin dalilan da suka sa suke toshe hanyoyin ciniki. Amma bawan da ya iso Ikko ba shi da gona, ba shi da dangi, in kuma ya kuskura ya fita bayan gari ana iya sake kama shi. Kaki shi ne garkuwarsa. Shi kuma Goloba abin da yake nema ke nan, watau mutumin da ba shi da uwa ba shi da uba a ƙasar, wanda in an ce ya harbi Bayarabe ba zai tsaya tunanin ko ɗan'uwansa ne ba. Kowa ya sami abin da yake so, amma ɗaya ya fi ɗaya riba.

Tun a 1865 aka fita da su Ikorodu aka kori Egbawa da suka yi wa garin zobe. A 1873, da Ingilishi suka shirya yaƙi da Tonawa, watau Asante, Goloba ya kwashi Hausawansa zuwa Ankara, ya shiga neman ƙari, har kuɗi ya riƙa biyan masu bayi don su saki bayinsu su shiga soja. Janar Wolseley ya shiga Kumasi ran 4 ga Fabrairu 1874, rundunar Goloba ta biyo baya ta gabas bayan 'yan kwanaki. Daga nan sunan Hausa ya kama bakin Turawa. A 1879 aka kafa wa ƙasar Gana ta yanzu tata rundunar dabam, aka riƙa aika masu ɗaukar soja har Salaga, babbar kasuwar goro da bayi ta ƙasar Gwanja. A watan Mayu 1892, zamanin Gwamna Carter, da su aka ci Ijebu. Unguwar Obalende da ke Ikko, inda da yawa daga cikinku ke shiga mota kullum, mazaunin waɗannan sojoji ce da iyalansu tun asali.

YABO DA BULALA

A wancan zamani Turawa sun ɗauki wata aƙida ta jera 'yan Adam hawa-hawa bisa ga launin fata da siffar hanci, su a sama, baƙar fata a ƙasa. A cikin baƙar fatar ma sai suka sake rabawa. Kamar yadda a Indiya suka ce Sikh da Gurka an halicce su ne don yaƙi, haka a nan suka ce Bahaushe ne jarumin Afirka ta Yamma, ga juriya, ga biyayya, ga shi Musulmi ba ya shan giya. Bafillace suka ce don sarauta aka yi shi, wai don fatarsa ta fi haske. Ɗan boko na Ikko mai kwat da takalmi kuwa, wanda ya san doka yana iya ja da su, shi ne abin ƙinsu. A 1892 har ƙungiya aka kafa a Landan don nazarin harshen Hausa, ta aiko Charles Robinson ya iso Kano a ƙarshen 1894, ya koma ya wallafa ƙamus yana koyar da Hausa a jami'ar Kambirij.

Abin dariya a nan shi ne, da yawa daga cikin waɗannan "Hausawa" ba Hausawa ba ne. Akwai Barebari, da Nufawa, da Zabarmawa, da Gurunsawa, da Yarabawa, da mutanen irin wannan ƙasa tamu ta tsakiya. Duk wanda ya iya amsa umurni da Hausa, ya ce sunansa Musa ko Garba, an rubuta shi Bahaushe. A bariki Hausa ta zama sunan sana'a. Haka har yau, ɗan Zuru da ɗan Biu da ɗan Maraɗi in suka sauka Ikko duk suna ɗaya ake kiransu da shi.

Har yanzu nakan ji waɗansu namu suna jin daɗin wannan yabo na Bature, suna cewa ai mu ne jarumai. Ni dai ina ganin a fara duba abin da ya biyo bayan yabon. An hana yi wa sojan Ingila bulala tun 1881, amma baƙin soja aka ci gaba da shimfiɗe shi ana tsula masa har cikin ƙarni na 20. Ba takalmi yake tafiya, haka aka bar shi har wajen Yaƙin Duniya na Biyu. Kome daɗewarsa, kome yawan tabon harsashi a jikinsa, yaron Bature da ya sauko daga jirgi jiya yana gaba da shi. Sai a 1948 aka fara ba ɗan Nijeriya muƙamin hafsa irin na Bature, sa'an nan a farkon shekarun 1950 su Zakariya Maimalari suka tafi Sandhurst.

Ba soja kaɗai abin ya shafa ba. A tsakiyar ƙarnin baƙar fata na iya hawa, misali Africanus Horton na Saliyo ya zama likitan sojan Ingila tun 1859. Crowther ɗin nan da jirgi ya fashe da shi a Jebba ya zama bishop a 1864. Amma da ƙarni ya zo ƙarewa sai ƙofa ta riƙa rufuwa. A 1890 waɗansu samarin Turawan mishan suka ci mutuncin Crowther a wani taro a Anacha, suka dakatar da limaman da ke ƙarƙashinsa, dattijon ya rasu ran 31 ga Disamba 1891, aka maye gurbinsa da Bature. A 1902 aka kafa ma'aikatar likitocin Afirka ta Yamma, aka rubuta a fili cewa sai wanda iyayensa Turawa ne zai shiga.

KWANGO

Suna ya ja wa Hausawa wata wahalar. A taron Balin na 1884 zuwa 1885, inda Turawa suka shirya yadda za su raba Afirka, Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam ya fito da ƙasar Kwango a matsayin mallakarsa shi kaɗai. Ba shi da soja, sai ya aika wakilai bakin tekun Afirka ta Yamma da Zanzibar suna ɗaukar mutane da kwantiragi. Dubban waɗanda aka rubuta da sunan Hausawa suka shiga jirgi daga Ikko da Ankara. Da su aka yi yaƙi da Larabawan gabashin Kwango daga 1892 zuwa 1894. Waɗansu leburorin Afirka ta Yamma kuma aka zuba su aikin hanyar jirgin ƙasa ta Matadi, wadda aka fara a 1890 ba a gama ba sai 1898, ta kuwa ci rayuka ba kaɗan ba. Bulalar da ake hukunci da ita can ta fatar dorina ce, irin wadda muka sani.

Wanda ya fara tona asirin nan da ƙarfi wani baƙar fatar Amurka ne, George Washington Williams, tsohon soja kuma marubucin tarihi. Ya je Kwango da ƙafarsa, ya rubuta wa Leopold buɗaɗɗiyar wasiƙa a watan Yuli 1890. Cikin laifuffukan da ya lissafa har da cewa gwamnatin Kwango tana karya alkawarin da ta yi da sojojinta da ma'aikatanta 'yan wasu ƙasashe, wasiƙunsu ma ba sa isa gida. A tsakiyar shekarun 1890 Ingilishi suka taƙaita ɗaukar mutanensu zuwa can. Tausayi na ciki, amma kada a manta su ma a lokacin suna ƙishin leburori.

Kada kuma mu mai da kakannin nan namu waliyyai. Wanda aka yi wa bulala da safe, shi ake ba bindiga da rana a tura shi ƙauyen da bai kawo roba ko hauren giwa ba.

YAJIN AIKIN 1897

Ƙishin leburorin nan shi ya kawo abin da ya faru a Ikko cikin 1897, wanda ya kamata kowane ɗan ƙwadago ya sani. An fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Ikko a 1896. Ana gine-ginen gwamnati, ana kuma neman alarai masu ɗaukar kayan soja zuwa cikin ƙasa, don a lokacin Ingila da Faransa na tseren kama ƙasar Borgu. Ladan lebura a bakin teku a zamanin bai wuce nai zuwa sule guda a yini ba.

Sai aka kawo sabon Gwamna, Henry McCallum, injiniyan soja wanda ya daɗe yana aiki a Singafo da kewayenta, inda ya saba da leburorin Indiya da na Sin masu arha. Da ya duba littafin biya sai ya ga a ganinsa baƙin mutum na Ikko ya yi tsada, ga shi kuma wai ba ya aikin kuɗinsa. Ya sa aka sauya lokutan aiki, aka kuma taɓa lada. A watan Agusta ma'aikatan sashen ayyuka na gwamnati, kimanin mutum 3,000, suka ajiye kayan aiki. Babu ƙungiyar ƙwadago a lokacin, babu sakatare, babu ofis, gama ƙungiya ta farko, ta ma'aikatan gwamnati, sai a 1912 aka kafa ta, dokar da ta halatta ƙungiyoyi kuwa sai 1938. Duk da haka kwana uku kacal aka yi Gwamna ya sassauto. Masana na lissafa wannan a matsayin babban yajin aiki na farko a tarihin Nijeriya, shi ne kakan na gama-gari na 1945 wanda Michael Imoudu ya yi suna a cikinsa.

Me ya ba su wannan ƙarfi? Suna da wurin zuwa. Leburan Ikko na 1897 in ya bar aikin gwamnati yana iya komawa gona, ko su, ko ya bi jirgi zuwa wata ƙasa inda ake neman hannu. Ma'aikata sun yi kaɗan, aiki ya yi yawa. Wanda ba shi da wannan dama shi ne mai kaki, don shi in ya ajiye aiki ba a kiransa mai yaji, mai tawaye ake kiransa. Ga lebura ga soja a gari ɗaya, dukansu 'yantattu a takarda, amma ɗaya na iya cewa a'a, ɗaya ba ya iyawa.

KOMOWA GIDA

Yanzu sai mu juyo Arewa. A 1886 gwamnatin Ingila ta ba Kamfanin Neja na George Goldie izinin mulki da ciniki a bakin Kwara da Binuwai, kamfanin ya kafa tasa rundunar, akasarinta Hausawa da Yarabawa. A farkon watan Janairu 1897 suka tashi daga Lakwaja, soja kimanin 500, Turawa wajen 30, da igwa da bindiga mai ruwa, da ɗaruruwan alarai, kowane da kaya mai nauyin wajen kilo 27 a ka. Kafin watan ya ƙare sun ci Bida duk da dubban dawakinta, a watan Fabrairu suka ci Ilori. A watan Yuni na shekarar Goldie ya yi shelar cewa doka ba ta san bauta ba a ƙasar kamfani, shelar da ba ta wuce bakin kogi ba. Da gwamnati ta karɓe mulki daga hannun kamfanin a ƙarshen 1899, ta biya shi fam 865,000, da alkawarin rabin kuɗin haƙar ma'adinai na wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Masu hannun jari sun sami diyya. Alaron da ya ɗauki igwa a ka zuwa Bida ladan yininsa kaɗai ya gani.

Ran 1 ga Janairu 1900 Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, da sabuwar rundunar da ya haɗa tun 1897. Cikin 1902 aka turo soja Abuja, bisa zargin cewa mutanenta na tare hanya suna kwashe kayan fatake. Garin da ya gagari Zariya shekara 70 da ɗoriya ya faɗi, mulkin Ibrahim ya ƙare, aka naɗa Muhammadu Gani. Ran 3 ga Oktoba na wannan shekara Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Razdan Kyaftin Moloney, ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi hannu biyu. Lugga ya sami hujjar da yake nema. Kano ta faɗi ran 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ran 15 ga Maris, aka ƙare a Burmi ran 27 ga Yuli, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada.

Turawan da suka yi wannan aiki 'yan ƙalilan ne. Masu riƙe da bindigogin da Hausa ake ba su umurni. Mutum ya fita ƙasar nan da igiya a wuya, shi ko ɗansa ya komo da kaki yana fasa ƙofar birni. In ka tambaye ni ko maci amana ne, sai in ce amanar wa? Wanda aka sayar da shi a kasuwa kamar akuya, wace amana ya ɗauka? Amma kuma ba zan ce ya 'yantar da kowa ba, don ga abin da ya biyo baya.

'YANCI RABI DA RABI

Lugga ya cika Ingila da labarin cewa ya zo kashe bauta ne. Harin bayi da kasuwarsu lalle ya hana, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga Gwari da maƙwabtansu, shi ya sa sannu a hankali suka sauko daga duwatsu. Dokarsa ta 1901 ta ce duk yaron da aka haifa bayan 31 ga Maris na shekarar ɗa ne. Amma ba ta ce bayin da ke hannu su tashi su tafi ba. Yana tsoron in rinji ya watse noma zai tsaya, sarakunan da yake so ya yi mulki ta hannunsu su tsiyace. Saboda haka aka bi hanyoyin da za su sa gudu ya yi wuya: a hana gudajjen bawa gona, a kore shi daga bakin bariki a ce ɗan iska ne, a nuna masa hanyar alƙali ya je ya fanshi kansa ta murgu, watau ya yi aiki ya tara kuɗin kansa ya biya ubangijinsa. Sha'anin ƙwaraƙwarai kuwa aka ce wannan maganar aure ce, ba ruwan Bature. Duk da haka masanan nan biyu sun ƙiyasta bayi wajen 200,000 ne suka gudu cikin shekaru goma na farko. Yaran da aka ƙwato a hanya aka tara su a gidajen 'yantattu, ɗaya a Zungeru, wani kuma na mishan da aka buɗe a Umaisha a bakin Binuwai cikin 1909. Ba a soke bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936.

Tsugune ba ta ƙare ba. Daga 1907 zuwa 1911 aka shimfiɗa hanyar jirgi daga Baro ta Minna zuwa Kano, kuma ba da masu neman aiki don kansu aka yi ta ba. Razdan zai gaya wa sarki adadin da yake so, sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya aika dogarai ƙauye. Ana biyan 'yan kuɗi, amma ba a tambayar mutum ko yana so, kuma da kuɗin zai biya harajin da aka ɗora masa. Nufawa da Gwarawa, da yake hanyar ta ƙasarsu ta bi, su suka fi ɗanɗanawa. Wannan jirgi shi ne daga baya ya kwaso kakanninmu 'yan goro da 'yan shanu zuwa Kurmi, har aka yanka musu Sabo a Badun cikin 1916.

Yau kundin tsarin mulki na 1999 ya hana bauta da aikin tilas a sashe na 34. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon ya zauna inda ya ga dama a ƙasar, na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko wurin asali ko addini. Ya kamata kowane sarkin Hausawa da kowane shugaban 'yan dako ya san lambobin nan uku da ka. Sai dai mun ga Shagamu a 1999, da Idi Araba a 2002, da Mil 12 a 2016, da kasuwar Shasha a 2021, kamar yadda 'yan Kudu mazauna Arewa su ma suke da nasu jerin ranakun baƙin ciki a hannun namu. Dokar mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli 2024 ta yanka Naira 70,000 a wata, amma ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma san mai aikin jinga ba. Watau samarin nan na bakin gadar Zuba, da ƙanena, duk suna wajenta. Su kuma Gbagyi, da aka gina birnin tarayya a kan gonakinsu, har yanzu maganar diyya da sake matsuguni ba ta mutu ba.

Da na kai nan dare ya yi nisa. Yaron ya yi shiru, can ya tambaye ni ta wace hanya ake bi daga kasuwarsu zuwa Obalende, don shekararsa huɗu a Ikko bai taɓa sauka a wurin ba. Na kwatanta masa. Da asuba na raka shi tashar Zuba ya hau motar Kurmi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda cinikin goro ya tashi daga Gwanja ya koma Agege da Shagamu.